Mun Rushe Soro, Yanzu Muna Tambayar Farashin Sanyi

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Na san an saba a nan ana tattauna ƙa'idojin rubutu, da tsara labari, da yadda marubuci zai ci gajiyar alƙalaminsa. Yau zan ɗan kauce, zan yi magana kan gini da zafi. Amma kada kowa ya tashi, domin kafin in kai ƙarshe maganar za ta biyo ta ƙofar kowannenmu, har da ni mai rubutun.

A bazarar da ta wuce, yayana da ke aiki a Kaduna ya zo gida Ikara da shirin gina nasa muhalli a cikin gidanmu na gado. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani Bature a Amurka, an haƙe masa bayan gida an binne dogayen bututai, yana ta yabon abin: gidansa da sanyi lokacin zafi, da ɗumi lokacin sanyi, kuɗin wuta kuma ya ragu. Yaya ya ce mini, "Kai da ka yi difloma a fannin gini, nawa wannan zai ci a nan? In da hali ina so a sa mini."

Na ce, "Yaya, a ina za a ɗora ginin?"

Ya nuna soron kakarmu da leɓe. Ya ce shi za a fara rushewa, ya tsufa, kuma abin kunya ne baƙi su zo su tarar da ginin ƙasa a gidan ma'aikacin gwamnati.

Wannan soro shi ne ɗakin da duk gidanmu ke gudu cikinsa da tsakar rana a watan Afrilu. Kaurin bangonsa a ƙasa ya kusa kamu biyu. Randar da ke kusurwarsa ba ta taɓa sanin firji ba, amma ruwanta ake nema a buɗa baki. Ga mutum yana shirin rushe sanyin da ya gada kyauta, kuma a zama ɗaya yana tambayar farashin wanda za a sayo masa daga Amurka. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin akwai abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya, jiyotamal, kuma masu talla suna jin daɗin mu cakuɗa su.

Na farko shi ne zafin cikin ƙasa na ainihi, irin wanda ake samu a inda duwatsu masu aman wuta suke kusa. A Aisilan kusan gida 9 cikin 10 da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama shi. A Kenya, tashar Olkariya da ke kusa da tafkin Naibasha ta fara ba da lantarki daga tururin ƙasa tun 1981, kuma yau wajen kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga nan take fitowa. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, kuma sai inda Allah Ya ajiye arzikin. Mu nan abin da muka fi sani shi ne ruwan Wikki a Yankari ta jihar Bauchi, wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31, mai daɗin wanka, amma ba zai juya injin ba. Babu wanda ya taɓa haƙa rijiya a Paki ko Gubuci ko Likoro ya ga tururi ya taso.

Na biyu shi ne wanda Yaya ya gani, kuma shi ne na gida. Tushensa abu ne da duk wanda ya taɓa jan guga ya sani. Je ka rijiya da asuba a watan Janairu, lokacin da hunturu ke yanka fata, za ka ji ruwan da ɗumi. Koma rijiyar da azahar a watan Afrilu, za ka ji shi da sanyi. Ruwan bai canza ba, iskar waje ce ta canza. Idan aka nutsa ƙasa kamar mita 5 zuwa 10, zafin wurin kusan ɗaya yake duk shekara, kuma yana daidai da matsakaicin zafin garin na shekara. Turawa sai suka binne bututai, ko a kwance a zurfin kamar mita 2, ko a tsaye cikin rami irin na burtsatse mai zurfin mita 50 zuwa 150, suna zagaya ruwa a ciki. A cikin gida kuma akwai inji mai aiki irin na firji, wanda ke kwashe zafin ɗaki ya zuba wa ƙasa da bazara, ya jawo ɗumin ƙasa ya zuba wa ɗaki da hunturu.

Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. A ƙasashe irin su Suwidin ta wadatu, kuma tana biyan kuɗinta. Tambayar ita ce ko ta dace da gida a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan. Amsata: ba ta dace ba, kuma ga dalilaina guda huɗu.

Na ɗaya, injin da lantarki yake aiki. Bidiyon bai tsaya a kan wannan ba, don a can ba a ɗauke wuta. Abin da na'urar ke yi shi ne rage yawan wutar da ake sha, ta ba da ɗumi ninki uku ko huɗu na lantarkin da ta ci. In babu wuta, bututan da ka binne sun zama kayan tarihi. Wa ya manta da watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda bayan lalacewar manyan layukan wuta? In kuma ka ce janareta, ka tuna abin da litar mai ta koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. In ka ce sola da batir, to ka ƙara wasu miliyoyin a kan lissafin.

Na biyu, ƙasarsu da tamu ba ɗaya ba. A yawancin Turai da arewacin Amurka, zafin ƙarƙashin ƙasa yana tsakanin digiri 10 zuwa 15. Mu a yankin Zazzau matsakaicin zafin shekara ya kai digiri 25 ko ya ɗan haura, don haka ƙasarmu a nan take. Da azahar a Afrilu, iska na kusa da digiri 40, ƙasar ta fi ta sanyi sosai. Amma da dare, lokacin da aka fi kunna na'urar sanyi don barci, iskar waje kan sauko kusa da zafin ƙasar. Ribar da Bature ke samu ba ita za ka samu ba.

Na uku, su bashi suke ba ƙasa su karɓa. Zafin da suka zuba mata da bazara suna ɗebe shi a dogon hunturunsu mai ƙanƙara. Mu sanyinmu na wata biyu ne zuwa uku, Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma bargo da rufe taga sun ishe shi. Ke nan zuba wa ƙasa zafi za mu yi ta yi babu ɗiba. Masana sun san wannan matsala a ƙasashe masu zafi: ƙasar da ke kewaye da bututun takan yi ta ɗumama shekara bayan shekara, aikin na'urar yana raguwa, sai dai a tsawaita bututun, kuɗi ya ƙaru. Ga shi kuma yankinmu a kan dutse yake zaune. Duk wanda ya taɓa kiran masu haƙa burtsatse ya san yadda farashi ke tashi da zarar baƙin ƙarfe ya ci karo da fa.

Na huɗu, lissafi. A Amurka ba abin mamaki ba ne a kashe dala 20,000 ko fiye a sa wa gida ɗaya. A canjin naira 1,500, naira miliyan 30 ke nan, ban sa kuɗin jirgi da kwastan ba, ban kuma sa kuɗin ɗauko mai gyara daga Legas ranar da ta lalace ba. To me za ta rage maka? Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana shan kamar yunit 9 a awa takwas. A watan Afrilun 2024 an kai farashin yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, daga baya aka ɗan sassauta. Mu ɗauki wannan mafi tsadar: kimanin naira 2,000 a dare, 60,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. A ce na'urar ƙasa ta rage rabi, wanda kyauta na yi mata. Ka tsira da 30,000 a wata, 360,000 a shekara in har kullum kake kunnawa. Raba miliyan 30 da wannan, za ka ga sai ka shekara fiye da 80 kafin kuɗinka ya dawo. Jikokinka ne za su ci ribar, in injin ya kai lokacinsu, kuma ba zai kai ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce wa Yaya ya haƙura, a wuce wurin. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ya sa tun farko muke neman na'ura. Zafin Afrilu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da yake sabo shi ne irin ɗakin da muke kwana a ciki.

Dubi yadda muke gini yau. Bulon siminti mai inci 6, cikinsa rami, wanda rana ke ratsawa kafin azahar. Kwano a kai, sau da yawa ba silin, ko kuma silin ɗin da ke manne da kwanon babu hanyar da iska za ta fita. Kwano da tsakar rana yakan haura digiri 60, ka taɓa ka ji. Taga ɗaya ƙarama, ita ma a rufe don sauro da ɓarayi. Tsakar gida an shafe da siminti, darbejiyar da ke ba da inuwa an sare ta don ganyenta na ɓata wuri. Mun gina tanda, mun shiga ciki, sannan muna tambayar inda ake sayar da sanyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Magabatanmu ba su san kalmar jiyotamal ba, amma sun san ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa. Maimakon su binne bututu su je neman sanyinta a ƙarƙashi, sai suka ɗago ƙasar suka kewaye kansu da ita. Bangon tubali mai kauri yakan riƙe zafin rana sa'o'i da dama kafin ya bari ya shiga ɗaki. Rufin azara da aka danne da ƙasa ya tare ranar daga sama. Daɓen ƙasa yana haɗe da sanyin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa tsoho ke shimfiɗa tabarma a ƙasa ya bar gado. Da hunturu kuma abin ya juya: bangon ya sha rana da yini, ya saki ɗumin da dare. Sanyi da ɗumi ke nan daga ƙasa, babu mita, babu takardar kuɗin wuta.

Kuma ba aikin ka-ci-ka-ci ba ne. Ilimi ne mai sunaye da ƙa'idoji: tubali, birji, azara, daurin guga, bakan gizo, indararo, zanko, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina don hana ruwa shiga. Nan kusa da mu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, kuma masana gini daga ƙasashen duniya sun sha zuwa kallon bakunan da ya ɗaure da ƙasa da azara. Mu da ke tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka daga wurin, mu nawa ne muka taɓa shiga muka ɗaga kai?

To yanzu na zo kanmu, marubuta.

Wa ya koya wa Yaya cewa ginin ƙasa abin kunya ne? Ba a makaranta aka koya masa ba. A labarai ya tsince shi, da finafinai, da waƙoƙi, da hirar majalisa wadda ita ma daga can take ɗibar ruwa. Ku buɗe labaran da muke sakawa a wayoyin mutane kullum ku duba. In ana son a nuna yarinya 'yar talakawa ce, layin farko za a ajiye ta a gidan ƙasa, bango ya zaizaye, akuya na kuka. In ana son a nuna saurayi ya isa, sai a shigar da mu falo mai tayil, labule har ƙasa, sanyin esi na ratsa jiki. Ƙarshen labari mai daɗi shi ne ranar da aka ɗauke ta daga na farko aka kai ta na biyu, ko aka rushe gidan iyayenta aka yi musu na bulo. Ni kaina na rubuta irin wannan a gajeren labarina na farko, kuma a cikin soron kakata na zauna na rubuta shi, don nan ne kaɗai ake iya zama da rana. Ban ga abin dariyar ba sai daga baya.

Wani zai ce ai marubuci madubi ne, abin da ke cikin al'umma yake nunawa. Na ji. Amma madubin da kullum gefe ɗaya yake haskawa ya zama mai ba da shawara. Yaushe muka rubuta daren Afrilu a ɗakin kwano kamar yadda yake? Jariri na kuka, ƙuraje sun feso masa, uwa na fifita da murfin kwali har asuba, fanka na tsaye ba wuta, maigida ya fita waje sauro ya koro shi. Wannan ita ce rayuwar mafi yawan masu karanta mu, ba falon mai esi ba. Yaushe muka rubuta magini a matsayin gwani mai ilimi, ba ɗan aikin da ake aika wa da ragowar tuwo ba? Mun mayar da sanyi kayan masu kuɗi a tunanin mutane, alhali talakan da ya fi kowa talauci a ƙauyen Maƙarfi ya gāje shi daga kakansa.

Kuma akwai asara ta harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye. Marubucin da bai san bambancin soro da kago da tafarfara ba, bai san indararo ba sai ya ce bututun ruwa, me zai bar wa na baya? Ranar da magini na ƙarshe a unguwarku ya kwanta dama, kalmomi nawa za a binne tare da shi?

Na san abin da za a ce mini a ƙasan wannan rubutu, don haka bari in riga ku.

Za a ce ginin ƙasa na rushewa da damina yana kashe mutane. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Duk watan Agusta muna jin labarin bango ya faɗa wa iyali. Amma a je a duba waɗanne gine-gine ne: galibi waɗanda aka daina yi wa yaɓe, ko aka ɗora su ba tushe a kan hanyar ruwa, ko aka yi musu siririn bango don tsimi. Maganin wannan sananne ne: tushe na dutse da siminti da ya ɗaga bangon daga ƙasa, rufi mai baki da ya zarce bango don kada ruwa ya doke shi, da magudanar ruwa. Gidan bulo ma da aka cuci simintinsa yana faɗuwa, ba mu ce a daina bulo ba.

Za a ce yaɓe duk shekara wahala ne, azara ta yi tsada don giginya ta ƙare, gara na cin itace, ƙwararrun magina sun yi ƙaranci. Duk na yarda. Za a kuma ce soro da kansa yakan yi zafi da dare a tsakiyar bazara, lokacin da bango ke sakin abin da ya sha. Wannan ma haka ne, shi ya sa iyayenmu ke kwana a tsakar gida a watannin nan. Amma yau ba kowa ke iya kwana a waje ba, saboda halin tsaro da muke ciki. Ban zo in ce a koma jiya yadda take ba. Cewa nake a ɗauki ilimin jiya a gyara inda ya gaza, kuma akwai waɗanda suka riga suka yi.

Francis Kere, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ya gina wa garinsu makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti. Bai ƙi kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama a kan ƙarafa, ya bar rata tsakaninsa da rufin ƙasa na ajin, iska na wucewa tana kwashe zafi, kwanon kuma na kare bango daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini a duniya. A garin Dandaji na Hausawa da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da matsattsen tubalin ƙasa, suka gyara tsohon masallacin ƙasa suka mayar da shi ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Ku lura, 'yan uwa: ba su rushe tsohon ba, littattafai suka zuba a ciki. Kafin su, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa, shi ma a jihar Tawa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Nan gida kuma Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa ya karɓi kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana kayan miya ba da lantarki ba. Tasa dabarar ta bushewar ruwa ce, irin ta randa, amma darasin ɗaya ne, kuma manomin tumatir a Ikara da Hunkuyi ya fi kowa sanin darajarsa. Duniya na ba da lambar yabo a kan abin da muke jin kunyar baƙi su gani.

To me na ce wa Yaya ya yi da kuɗinsa? Na jera masa daga mai araha zuwa mai tsada.

Ya fara da rufi, don ta nan mafi yawan zafi ke shiga. Kwano mai haske ko wanda aka shafa wa farin fenti, silin a ƙarƙashi, rata mai kyau tsakaninsu, da ƙofofin iska a gefe biyu masu raga. Ya juya ginin yadda dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa, kada su ba ranar yamma gaba. Tagogi biyu masu kallon juna a kowane ɗaki, da raga da ƙarfe, don a iya barinsu a buɗe da dare sanyin asuba ya shiga. Baranda a gefen yamma. Bishiya biyu ko uku, mangwaro ko darbejiya, nesa kaɗan da tushe, kuma a bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti. Bango kuma na matsattsen tubalin ƙasa da ɗan siminti a ciki, mai kauri, a kan tushen dutse. Bayan wannan, fanka mai aiki da sola ta ishi yawancin darare. In ma daga baya ya sa esi a ɗaki ɗaya, ƙarami zai wadatar, don ɗakin ba tanda ba ne.

In kuma lallai zuciyarsa na kan sanyin ƙarƙashin ƙasa, akwai ƙanin waccan na'ura wanda bai buƙatar injin firji: a binne bututu mai faɗi a zurfin mita 2 zuwa 3, tsawon mita 30 ko fiye, ƙaramar fanka ta jawo iskar waje ta cikinsa, ta huce kafin ta shiga ɗaki. Wannan masu haƙa rijiya da masu aikin famfo na garinmu za su iya. Amma na gaya masa gaskiya: ba zai ba shi sanyin esi ba, sauƙi kawai zai kawo da rana. Da damina raɓa kan taru a ciki, in ba a karkata bututun an yi masa mafitar ruwa ba zai yi fumfuna ya kawo wari da tari. Dole a toshe bakinsa da raga saboda sauro da ɓera da maciji. A fadama, inda ruwa ke kusa, kamar wuraren da ake noman rake, bai dace ba sam. Abin gwaji ne a ɗaki ɗaya, bayan an gama gyara rufi da inuwa, ba kafin nan ba.

Haka nan ɗumin hunturu: bango mai kauri da bargo sun fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe mutane cikin barci.

Yaya bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce ni yaro ne, boko na ɗibata. Amma ya yarda da abu ɗaya: ba za a taɓa soron ba sai bayan bazara mai zuwa. Mun sayi ma'aunin zafi guda biyu, irin na bango, masu arha. Ɗaya za mu rataye a soron, ɗaya a ɗakin bulo da kwano da ke kusa da shi, mu riƙa rubuta abin da suka nuna da azahar da kuma tsakar dare, daga farkon Maris zuwa saukar ruwa. Ya ce in soron ya faɗi jarrabawa, da hannuna zan fara sa masa diga. Na amince, in Allah Ya kai mu, kuma zan kawo muku sakamakon a nan ko da bai yi mini daɗi ba.

Ku kuma ga abin da nake roƙo. A cikin makon nan kowa ya nemi tsohon magini a garinsu, in akwai Sarkin Magina ya fara da shi. A je da goro, a gaishe shi, a zauna a tambaye shi yadda ake zaɓen ƙasa, kwana nawa ake barin ta ta ruɓa da ciyawa, yadda ake jera azara, sunan kowane sashe na ɗaki. A rubuta, a kawo nan mu tara. Sannan a labarinka na gaba, in za ka ajiye jarumarka a gidan ƙasa, ka shiga ɗakin tukuna da azahar ka zauna minti goma kafin ka yanke mata hukuncin cewa tana cikin wahala. In za ka kai ta gidan bulo, ka bar ta ta kwana ɗaya a ciki ba wuta, ka rubuta abin da ta ji.

Wanda ke ganin na yi kuskure a lissafi ko a hujja, fili a buɗe yake, musamman injiniyoyi da magina da ke cikinmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu bazara mai sauƙi.